Cinikin EA Da Dalilin Da Ya Sa PlayStation Ta Mamaye Gidajen Gem

A ƙarshen watan Satumban 2025 aka sanar da wani ciniki da ban ga an tattauna shi sosai a wajenmu ba. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wato PIF, da kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner surukin Trump, sun amince za su sayi kamfanin Electronic Arts a kan dala biliyan 55. Ga wanda sunan bai faɗa masa komai ba, EA nake nufi, masu wasan FIFA ɗin nan da yaranmu da ƙannenmu ke bugawa dare da rana, wanda tun 2023 aka mayar da sunansa EA Sports FC bayan sun raba gari da hukumar FIFA.

Dala biliyan 55 fa, jama'a. Kasafin kuɗin gwamnatin tarayyarmu na 2025 kacokan naira tiriliyan 54.99 ne, in ka mayar da shi dala bai kai biliyan 40 ba. Kuma wannan kamfanin ko na'ura ɗaya ba ya ƙerawa. PlayStation ta Sony ce, Xbox ta Microsoft ce, Switch ta Nintendo ce. Shi EA wasa kawai yake yi ya kai wa masu na'ura. To me ya sa ɗan haya ya yi wannan tsadar?

Amsar da nake da ita ita ce: a wannan harkar ɗan haya ne ke raya gida, kuma shi ne ke kashe shi. Tarihin shekara arba'in ya nuna haka, kuma mu nan ma shaida ne, ko da ba mu lura ba.

Mu ɗauki na'urar gem kamar kasuwa. Sony ko Nintendo ko Microsoft shi ne ya sayi fili, ya gina rumfuna, ya ja katanga, ya sa ƙofa. Shi ma yana da 'yan shagunansa a ciki: Mario da Zelda na Nintendo ne, God of War na Sony ne, Halo na Microsoft ne. Waɗannan su ne wasannin gida. Amma galibin rumfunan na 'yan haya ne, irin su EA, Konami, Capcom, Ubisoft da Rockstar. Duk abin da ɗan haya ya sayar a ciki, mai kasuwa yana da kamashonsa. In ta intanet aka sayi wasan, abin da aka saba yanka wa mai na'ura shi ne kashi 30 cikin 100.

Wannan kamashon shi ne ainihin ribar. Ita na'urar kanta sau da yawa faɗuwa ake yi a kanta. Sony ya daɗe yana sayar da PS3 ƙasa da kuɗin da ya kashe wajen ƙera ta bayan fitowarta a 2006. A 2021 kuma, a shari'ar Epic da Apple, wata babbar jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta ba. Wato ana ba ka na'urar da rangwame ne don a ja ka cikin kasuwa, sai a ci ribar a wasannin da za ka yi ta saya shekara biyar ko bakwai masu zuwa.

Matsalar kuwa ita ce mai saye ba ya zuwa kasuwar da ba kaya, mai kaya kuma ba ya kasa kayansa inda ba masu saye. Kowa na jiran kowa. Mu da muke aikin gwamnati mun san wannan ciwon sarai. A ware kuɗi a kasafi, a gina kasuwar zamani, a kira manya a buɗe ta da kaɗe-kaɗe, bayan shekara biyu ka je ka tarar awaki ne ke kwana a rumfunan, 'yan kasuwa suna can tsohuwar kasuwa cikin cunkoso da taɓo. Ginin ya yi kyau, amma ba wanda ya zauna da masu kayan ya ji me zai sa su taso.

Nintendo ne ya fara shan wannan darasin. A 1983 kasuwar gem ta rushe a Amurka, kuma babban dalili shi ne kowa ya riƙa zuba tarkacen wasanni a kan na'urar Atari ba mai tsawatawa, har mutane suka daina yarda. Da Nintendo ya shiga Amurka da NES a 1985, shugabansa Hiroshi Yamauchi ya ɗaure 'yan haya tamau. Kamfani ba zai fitar da wasa fiye da biyar a shekara ba. Wasan da ka yi musu ba za ka kai wa wata na'ura ba sai bayan shekara biyu. Kaset ɗin ma su za su buga maka, ka biya su. Har sai da Konami ya buɗe wani reshe mai suna Ultra Games don kawai ya samu ƙarin gurbin wasa biyar. Dokar ta gyara kasuwa, gaskiya ne, amma 'yan haya sun zauna ne don ba su da wajen zuwa, ba don suna jin daɗi ba.

Wajen zuwa ya samu a Disambar 1994, da Sony ya fitar da PlayStation a Japan. Abin dariya ma, asali Sony da Nintendo tare suke aikin wata na'ura mai faifan CD, sai Nintendo ya juya masa baya a 1991 ya koma wajen Philips. Sony ba shi da Mario, ba shi da komai na gado a harkar. Abin da ya yi shi ne ya bi masu kaya ɗaya bayan ɗaya da sauƙi. Faifan CD yana ɗaukar wajen megabait 650, ga arha, ga saurin bugawa. In wasanka ya karɓu, nan da nan ka sake buga wasu. Shi kuwa Nintendo da ya tashi fitar da N64 a 1996 sai ya tsaya a kan kaset, wanda mafi girmansa megabait 64 ne, ga tsada, ga shi sai ka yi oda tun da wuri ka zuba kuɗinka ka jira. In wasan bai karɓu ba, asarar a kanka take.

Sai aka fara kwashe kaya. Kamfanin Square, wanda ya yi Final Fantasy na ɗaya har na shida duk a kan na'urorin Nintendo, ya ɗauki na bakwai ya kai wa Sony. Ya fito a Janairun 1997 a kan faifai uku, ya sayar da kusan kwafi miliyan 10. Enix ya bi sahu da Dragon Quest VII. Capcom ya kawo Resident Evil, Konami ya kawo Metal Gear Solid, Namco dama tun farko yana nan da Tekken da Ridge Racer. Ita N64 ba wai ba ta da ƙarfi ba ne, kuma Super Mario 64 da Ocarina of Time har gobe ana sa su cikin wasanni mafi kyau da aka taɓa yi. Amma duk wasanninta ba su kai 400 ba, na PlayStation kuwa dubbai ne. Sakamakon: PlayStation ta haura miliyan 100, N64 ta tsaya a wajen miliyan 33.

Na Sega ya fi ban tausayi. Mu da muka taso da Mega Drive mun san Sega ba ƙaramin alhaki ba ne. Dreamcast ta fito a Japan a ƙarshen 1998, ta shiga Amurka ranar 9 ga Satumban 1999. Na'ura ce da ta riga zamaninta, har da hanyar shiga intanet a jikinta. Amma EA ya ce ba zai yi mata wasa ko ɗaya ba. Ba FIFA, ba Madden, wanda a Amurka shi ne wasan ƙwallonsu da ake rububi duk shekara. Square ma bai leƙo ba. Sega ya yi nasa wasannin motsa jiki na 2K, kuma an yaba su ƙwarai, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Janairun 2001 Sega ya sanar da cewa ya daina ƙera na'ura, bayan Dreamcast ta sayar da miliyan 9 da ɗan ɗoriya. Ba zan ce ƙin EA kaɗai ya kashe ta ba. Akwai asarar da Sega ya kwaso tun daga Saturn, akwai kuma kowa yana jiran PS2. Amma su kansu 'yan hayar abin da ya faru da Saturn ne ya sa suka ja baya. Wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwarka ya kwashe ba ciniki, da wuya ya amsa kiranka na biyu. Ƙarshe dai Sega da kansa ya koma ɗan haya, aka wayi gari ga Sonic a kan na'urar Nintendo, abin da a da ko a mafarki ba wanda zai yarda.

PS2 kuwa da ta zo a 2000 ta tarar da 'yan haya sun riga sun yi layi. Grand Theft Auto III na Rockstar ya fito a kanta a 2001, kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin ya je Xbox. San Andreas na 2004 shi ne wasan da ya fi kowane sayuwa a kanta, kuma ba na Sony ba ne. Sony ya ce PS2 ta haura miliyan 160, har yau ba na'urar gem ta gida da ta kamo ta.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya yi samartaka a ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Maraɗi, ya tambayi kansa: me ya cika gidajen gem da mutane? Winning Eleven ne na Konami, wanda daga baya muka fi sani da PES. Shi ne ake biyan kuɗi a yi layi a kansa, a yi musu, a yi fushi, a sa Roberto Carlos a gaba don gudu da ƙarfin shot. Sai Mortal Kombat, sai GTA. A cikinsu ba na Sony ko ɗaya. Mai gidan gem bai taɓa zama ya gwada ƙarfin injin PS2 da na GameCube ko Xbox ba. Tambayarsa ɗaya ce: a wace na'ura ƙwallo take, kuma a wace ce zan samu faifai da hannu da mai gyara a kusa? Da na farko ya saya, na biyu ya bi, masu gyara suka koyi aikinta, masu kaya suka riƙa shigo da kayanta, shi ke nan kasuwa ta kafu. Gaskiya ne galibin faifan da muka buga na kwafi ne a kan na'urar da aka sa wa cif, don haka kuɗinmu bai isa aljihun Konami ba. Amma sunan PS ya kafu a ranmu ta dalilin wasan Konami, kuma wasu daga cikin yaran nan na jiya su ne yau suke cire albashi su sayi PS5.

Wani abin lura: FIFA 14 da PES 2014 duk sun fito a kan PS2 a 2013, shekara 13 bayan fitowarta, a daidai shekarar da PS4 ta shigo kasuwa. Wato muddin masu ƙwallo suna kawo kaya, na'ura tana raye ko ta tsufa.

Nintendo ya sake ɗanɗana wa a Wii U. Bayan Wii ta haura miliyan 100, sai Wii U ta fito a Nuwamban 2012 ta ƙi sayuwa. Mutane da yawa ma sun ɗauka wani ƙarin hannu ne na tsohuwar Wii. 'Yan haya suka leƙa suka ga ba jama'a. EA ya yi mata FIFA 13, daga shi bai ƙara yi mata FIFA ba. Ubisoft ya ɗage Rayman Legends, wanda aka ce nata ne ita kaɗai, ya raba shi da sauran na'urori. Rashin masu saye ya kori masu kaya, rashin kaya ya ƙara korar masu saye. Ta ƙare a miliyan 13 da rabi.

Na san wani zai ce, to Switch fa? Tambaya ce mai kyau. Switch ta fito a Maris ɗin 2017, ta haura miliyan 150, kuma wasannin da suka fi sayuwa a kanta na gida ne: Mario Kart 8 Deluxe shi kaɗai ya haura kwafi miliyan 60, ga Zelda, ga Animal Crossing. A nan wasannin gida ne suka tara jama'a, 'yan haya suka ga cinkoso suka dawo da kansu da su Skyrim da Doom da The Witcher 3. Wannan ya nuna hanyar ba ɗaya ba ce. In shagonka na kanka yana da kayan da ba a samu ko'ina, za ka iya tara kasuwa da shi. Amma kamfani nawa ne ke da Mario da aka shekara arba'in ana reno? Kuma shi kansa Nintendo bai sake sakaci ba. Da Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, a ranar farko akwai Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland da Street Fighter 6 na Capcom a gefen Mario Kart World. Ta sayar da miliyan 3.5 a kwana huɗu.

Shi kuwa Microsoft, da ya ga Sony ya yi masa nisa, sai ya ce tunda kuɗi na da shi, bari in sayi 'yan hayar gaba ɗaya. Ya sayi ZeniMax, uwar Bethesda, a kan dala biliyan 7.5. A Janairun 2022 ya sanar zai sayi Activision Blizzard a kan dala biliyan 68.7. Nan fa hankalin Sony ya tashi, kuma duk rigimar a kan wasa ɗaya aka yi ta: Call of Duty. Hukumar FTC ta Amurka ta kai ƙara, hukumar CMA ta Birtaniya ta fara hana cinikin, ba a kammala ba sai Oktoban 2023, bayan Microsoft ya sa hannu cewa Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation har shekara goma. Ku duba fa, kamfanin da ke kan gaba a kasuwa ne ya yi ta bin hukumomin ƙasashe yana kuka saboda wasan da ba shi ya yi ba. Ya san adadin mutanen da ba abin da ya kawo su PlayStation sai wannan wasan, kuma ya san kamashon da yake ci a kansu.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Wanda ya kashe wannan uban kuɗin dole ya nemi inda zai mayar da shi, kuma jama'ar suna can wajen Sony. Sai ga Sea of Thieves a PS5 a 2024, ga Forza Horizon 5 da Gears of War a 2025, har Halo, tambarin Xbox ɗin kansa, an sanar zai je PS5. Mai kasuwa ya kama rumfa a kasuwar abokin hamayyarsa. Kasuwa a kai miki dole.

In muka dawo kan cinikin EA da wannan idon, za mu ga Saudiyya ta karanci harkar da kyau. Ba ta ce za ta ƙera tata na'urar ta yi gogayya da Sony ba. Google mai duk kuɗin duniya ya gwada buɗe sabuwar kasuwa da Stadia a 2019, ya rufe ta a Janairun 2023. Su Saudiyya masu kaya suka bi. PIF ya sayi hannun jari a Nintendo da Capcom, reshensa na Savvy Games ya sayi Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023, yanzu ga EA. Wanda ke riƙe da wasan ƙwallon da ake bugawa daga Riyad zuwa Landan zuwa Sabon Gari, ko wace na'ura ce ta ci kasuwa, sai an zo wajensa.

Me ya shafe mu a ciki? Abu uku nake gani.

Na farko, masu gidajen gem. Jarin da yawansu yana kan PS4 ne. FC 26 ya fito a kanta, don haka har yanzu tana numfashi. Amma GTA VI, wanda aka ɗage zuwa 2026, PS5 da Xbox Series aka ce za a yi wa, babu PS4. Ranar da EA ya ce ya daina yi wa PS4 sabuwar ƙwallo, ranar ce darajarta za ta fara zubewa a hannun mai ita, ko da ba abin da ya lalace a jikinta. Wanda zai zuba jari yanzu ya sa wannan a lissafi.

Na biyu, iyaye. A cikin dala biliyan 55 ɗin nan, biliyan 20 bashi ne, kuma kamfanin ne zai ɗauke shi a kansa. Bashi sai an biya, kuma wajen masu wasa za a nemo kuɗin. Babbar hanyar kuɗin EA a ƙwallo ita ce Ultimate Team, inda yaro ke sayen ƙunshin 'yan wasa bai san wa zai fito masa ba. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, har EA ya daina sayar da makin FIFA a can a 2019. Duk wanda ya sa katin bankinsa a na'urar yaro, don Allah ya riƙa dubawa.

Na uku namu ne, ma'aikata da masu tsara manufofi. Muna son gini, don shi ake gani a hoto, shi ake buɗewa. Cibiyar fasaha, kasuwar zamani, shafin intanet na hukuma, manhajar biyan haraji. Nintendo ma a 1996 na'urarsa mai kyau ce, ta Sega a 1999 ma haka. Abin da Sony ya fi su da shi shi ne ya zauna da waɗanda za su kawo kaya, ya rage musu tsada, ya rage musu kasada, tun kafin ya buɗe ƙofa. Kafin a amince da kowane irin wannan aikin, ya kamata a ga sunayen waɗanda suka yarda za su shiga, da sharaɗin da suka gindaya, a cikin fayil ɗin tare da zanen ginin.

Wanda kuma yaransa suka matsa masa sai ya saya musu gem, kada ya tsaya jin bayanin mai shago a kan ƙarfin inji. Ya tambayi yaran wasa uku da suke so, ya duba ko suna kan na'urar, ya kuma duba ko kamfanonin da suka yi su har yanzu suna yi mata sababbi. In amsar e ce, ya yi ciniki. In a'a ce, ya riƙe kuɗinsa.

Allah Ya sa mu dace, Ya shirya mana zuri'a.